Lambun da ke Cikin Wayar Manzo

Balkisa ɗiyar kawuna ce, wato taubashiyata, kuma tun muna yara kowace cikinmu ke cewa ɗayar baiwarta ce. Har yau ba mu raba wagga gardama ba. In kun taɓa sauka tashar Filinge ranar kasuwa kuna jin yunwa, to kun gan ta ko ba ku san sunanta ba: doguwar mace, baƙa, zaune bayan babbar robar kopto, ba ta kiran mai saye, ba ta yi wa kowa dariyar ciniki. Kopto dai kwaɗon zogale ne, sunan Zabarmawa ne ya bi shi har bakinmu. Nata ya fi na kowa daɗi, wannan ko ni da nake neman abin kushe ta ban iya musu.

An haife ta a wani ƙauye kan hanyar Bonkuku. Ta yi lakkwal, wato makarantar boko, ƴan shekaru, ta fito da gaisuwar malam da Faransanci da ɗan ƙirge, sauran duk ya bi ruwa. Aurenta na fari bai daɗe ba, don haihuwa ba ta zo ba, uwar mijin kuwa ba mai haƙuri ba ce. Ta kwaso kayanta ta dawo gida.

Abin da Allah ya ba ta ido ne. In ana jeren amarya a unguwa, mata goma su yi ta ɗora kwalla suna saukewa, suna musu, ɗaki ya ƙi ɗaukar kaya. Sai wata ta ce a kira Balki. Ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta harɗe hannu, ta yi ta bin ɗakin da kallo har a fara zaton ta manta abin da ya kawo ta. Can ta ce, “Ku juya gadon. Wancan akwatin ya koma bayan ƙofa, ƙananan kwanoni su hau sama.” Shi ke nan, komai ya samu wuri, har da sararin shimfiɗa tabarma. Ba ta taɓa kaya da hannunta. Faɗi kawai take yi, wasu su ɗauka, ta karɓi goronta ta tafi.

Manzo ya aure ta bayan ta haura talatin. Shi ma ya taɓa aure, matar ta rasu wajen haihuwa, ita da abin cikin. Manomi ne irin na ƙasarmu ta Kurfai, gero da wake, amma gonar ba ta kai shi shekara, sai ya samu gadin rana a dogon ƙarfen kamfanin waya da ke kan tudu bayan gari, wanda muke ce wa antan. Aikin kuwa zama ne. Ka buɗe ƙofa in motar gazuwal, wato man injin wurin, ta zo, ka kori awaki, ka koma ka zauna.

Zamansu lafiya lau, ba faɗa, ba kai ƙara, amma kuma ba hira. Na sha shiga gidan in tarar da su a tsakar gida, shi yana tufkar igiya, ita tana tsince zogale, kamar mutum biyu da ke jiran mota. Nan ma haihuwa ba ta zo ba, kuma ba wanda ya tada zancen cikinsu. In na ce, “Ke baiwata, wai ku ba a magana ne a gidan nan?” sai ta ce, “Ke kin cinye maganar dangi duka, me kinka rage muna?”

Ana haka kamfani ya ce kowane mai gadi sai ya riƙe waya mai shafawa, don ya riƙa aika hoton tankin gazuwal. Manzo ya sayar da tunkiya ya saya. Akwai wani tekinisiyan, mai gyaran injin kamfani, ɗan Yamai da ke zuwa duba antan duk bayan ƴan watanni, mutum mai son zance. Ya ga dattijo zaune tun safe yana kallon awaki, tausayi ya kama shi, ya ce bari ya zuba mishi wasanni. Ya fara da na ƙwallo da na tseren mota. Manzo ya gwada, ya miƙa mishi wayar ya ce, “Cire. Ni da anka ɗauka aikin zama, me ya haɗa ni da gudu? Gabana har faɗuwa yake.” Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to akwai wasu da shi kaɗai ke yin su, abokanshi duk sun ce barci suke sa su. Waɗannan ya zuba mishi.

Ni na gan su da idona, kuma in gaya muku gaskiya, abokan nan nashi ba su yi ƙarya ba. Ba duka, ba harbi, ba mai bin ka a guje, ba ka ci kowa ba kuma ba wanda ya ci ka. Ɗan kiɗa ne can ƙasa-ƙasa, da zane mai kyau, da wata matsala da anka ajiye gabanka, tana jiranka ko kwana za ka yi kana kallonta. Magana ma kusan babu, da hoto ake ba da labarin, shi ya sa rashin Faransanci bai dame shi ba. Na farkon wata tsohuwa ce zaune kan dutse tana ɗinke gajimaren da ya yage. Ka juya guntaye, ka haɗa bakinsu, in sun dace ta ɗinke, ruwa ya sauko kan wani gari. Shi ke nan fa. Wai wasa!

A kan wanga gajimare Balkisa ta shiga. Manzo ya sauko daga tudu da la’asar sakaliya, ya zauna kan tabarma, ya ƙura wa waya ido yana tsaki, don wani guntu ya ƙi shiga tun safe. Ta zo wucewa da ƙwaryar ruwa, ta leƙa ta kafaɗarshi, ta ce, “Ba nan ne wurinshi ba. Juya shi, ka kai shi ƙasa, wajen gwiwar tsohuwar.” Ya juya, ya kai. Ruwa ya sauko. Ya ɗaga kai ya dube ta, ta wuce abinta. Washegari da ya dawo, sai ya matsa gefe ɗaya na tabarmar ya bar wuri.

Haka sunka raba aikin, kuma haka ya tsaya shekaru. Shi ke riƙe waya, shi ke taɓawa, ita ke gani ta faɗi. Hannunta kullum da man ƙuli, kuma ta ce gilashin ba ya jin yatsanta. Tsakanin saukowarshi da kiran magariba, nan ne lokacinsu. Sai ga mutanen da ba su magana suna musu! “Hagu na ce.” “Ai hagun ke nan.” “Hagunka ko hagun tsohuwar?” Wata rana na faɗa gidan ba sallama, yadda na saba, na tarar da Balkisa tana dariya har haƙora waje, abin da rabona da gani tun muna ja da guga a rijiyar ƙauye. Manzo ya yi wuf ya tura wayar ƙarƙashin cinya. Da ya ga ni ce, ya sauke numfashi ya ce, “Kulu, don Allah ki rufa muna asiri. Mutum da furfura a ce yana wasan yara.” Sunana Hauwa, amma Kulu suke ce mini. Na ce in dai za a riƙa ƙara mini ƙuli a kopto, ba mai ji daga bakina. Kuma ba wanda ya ji.

Wasannin gajeru ne, wani sati, wani wata. Akwai na wani mutum da jakinshi ya ɓace cikin gari mai benaye. Yana bin lungu-lungu, kowane gida ya shiga sai ya gyara musu wani abu kafin su nuna mishi inda jakin ya bi. A ƙarshe ba a samu jakin ba. Mutumin ya zauna bakin kogi, wasa ya ƙare. Manzo ya yi fushi sosai. “Wane irin rashin imani ne wanga? Ka sa bawan Allah neman dabba, alhali ka san ba ka da niyyar ba shi?” Balkisa ta ce ai ita tun da wuri ta gane jakin ba ɓacewa ya yi ba, tafiyarshi ya yi, don mai shi lafta mishi kaya yake. Sun daɗe suna wagga gardama, har ni sunka sa alƙalanci. Na ce ni duk wanda ya zauna ya ƙirƙiro wannan abin, shi ya kamata a nema a ji ko lafiya.

In wasa ya ƙare, sunayen waɗanda sunka yi shi kan hau gilashi, wani lokaci mutum uku, wani lokaci ɗaya tal. Manzo bai iya karanta su ba, amma ba ya kashewa sai sun wuce duka, ya ce, “Sannunku da aiki.” Daga nan gidan ya koma shirunshi. Wasan da sunka gama ba su sake shi, Manzo ya ce ba daɗi tunda an san amsa. Sai su koma igiya da zogale har tekinisiyan ya sake zuwa da sabo.

Daga baya hanyar Yamai ta zama abin da ta zama saboda ƴan bindiga, kamfani ya daina turo mutane sai in dole, shi kuma mutumin anka mai da shi wani wuri. Zuwanshi na ƙarshe ya bar musu wasa ɗaya. Sun san daga shi ba wani, don a Filinge ba mai irinsu. Dodo, mai caji da gyaran waya a kasuwa, in ka ce ya sa maka wasa, na harbi zai sa maka.

Wanga na ƙarshe na ruwa ne. Wata ƙorama ce kan dutse mai tsawo, hanyarta ta rushe, garuruwan da ke gangare duk sun bushe. Aikinka ka juya duwatsu, ka buɗe nan ka toshe can, har ruwa ya isa gari. Ga mutumin da ya tashi a dallol, inda kogi ya bar kwarinshi kawai ya tafi tun kafin kakanni, ba sai na gaya muku yadda abin ya shige shi ba. Kowane gari ruwa ya isa, mutanen su fito su ba ka iri. Can saman dutsen kuwa akwai ɗan gida da fili bayanshi, inda kake shuka irin duk inda ka ga dama. Wasan bai damu da inda ka sa ba, ba yabo ba fallasa. Amma Manzo manomi ne. Ya shuka layi-layi, taki guda tsakanin rami da rami, yadda ake shuka gero, masu yaɗo ya sa su tsakani kamar wake. Wani itace mai jan fure da bai san sunanshi ba ya kai shi can kan iyaka, wai shi ne shaidar gona. Wani gari sun ba su kujera ƴar tsugunno guda biyu, ya jawo su ƙarƙashin inuwa. A wanga lambu Balkisa ba ta sa baki ba ko sau ɗaya. Ta ce mini, “Duwatsu aikina ne, lambu kuwa nashi ne.”

Farkon damina sunka kai gari na ƙarshe, nan sunka tsaya cak. Duwatsun sun yi yawa, ruwa ya zo har bakin gari ya juya. Kullum Manzo ya juya wannan, ya juya wancan, ya dubi Balkisa, ita ta harɗe hannu ta ce, “Bari dai mu gani.” Na yi mata tsiya son raina, na ce ashe ido ma tsufa yake. In sun gaji, ya hau lambu ya yi ban ruwa, su tashi su yi alwala.

Ana gab da yankan gero Manzo ya kwanta da ciwon ciki. Anka kai shi likita, bai daɗe ba ya ce ga garinku nan. Allah shi jiƙan shi. Mutum ne da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, in ba a kan jakin nan ba.

Balkisa ta shiga takaba. Mata su zo, su zauna, su ba da haƙuri, su tafi. Ba ta yi kuka gaban kowa ba, har wasu sunka fara cewa zuciyarta ta yi tauri. Bayan sadakar bakwai gida ya watse, ni na riƙa zuwa ina yini da ita. Wata rana da hantsi ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wayar ta ce, “Batir ya ƙare. Kai mini wajen Dodo.”

Na ce, “Ke Balki, kina takaba?”

Ta ce, “Ba wasa zan yi ba. Dubawa zan yi.”

Na ƙulle ta bakin zane na kai, na dawo da ita. Balkisa ta wanke hannu da sabulu, ta goge, ta sake gogewa, sannan ta kai yatsa kan gilashin tana ɗari-ɗari kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Ashe yana jin yatsanta sarai. Ta buɗe wasan, ba ta bi ta kan duwatsu ba, ta hau sama wajen lambu. Ta yi ban ruwa layi-layi yadda ya saba. Ba ta gusar da ko ganye ba. Ta daɗe tana kallo, ta kashe, ta mayar ƙarƙashin matashi. Haka ta riƙa yi kullum in ɗaki ba kowa, ni kuma na zama ƴar aiken caji. In munka ji sallama, waya ta shige matashi, carbi ya fito.

To ga inda matsalar take. Wayar ba tata ba ce. Kayan mamaci ce, tana cikin gado tare da gona da tumaki da keke. Manzo bai bar ɗa ba, don haka ƴan uwanshi ke da kaso mafi yawa, ita tana da ɗan rabonta. An ce za a raba in ƙanenshi ya dawo daga Kwatano, wajen fitarta takaba. In wayar ta faɗa hannun wani, lambu ya tafi. Kuma duk duniya ba inda hannun Manzo ya rage yadda ya bar shi sai nan. Gonar gaske an yanke geron, shanun Filani sun shiga sun tattake kara. Rigunanshi an yi sadaka da su. A antan ma an sa wani mai gadi, yana can zaune yana korar awaki.

Kuma ba abin faɗi ba ne. Mace ta buɗe baki gaban dangin miji ta ce tana son waya don tana kewarshi? Mu nan ko sunan miji ba a kamawa, balle wannan. In kuwa ta ce wasa ne ciki, kafin magariba zancen ya kai har can garin Sanam: ƙasar kabarinshi ba ta bushe ba, matar tana ɗaki tana wasa.

Ni abin ya dame ni, don ba na son abu rataye. Na ce, “To ki gama shi mana, ki ga ƙarshe kafin a raba. In ta tafi, kin dai gani.”

Ta ce, “Ya ƙi.”

“Ke da kike jere ɗakin da ya gagari mata goma?”

“Na ce miki ya ƙi, Kulu. Ki bar ni.”

Rabon gado yana hannun Zaidu, wan Manzo, mai sayar da hatsi a kasuwa. Kar ku ɗauka mugu ne. Da mugu ne, da labarin ya fi mini daɗin bayarwa. Tun ranar rasuwa bai taɓa fashin aiko cefane ba, kuma shi ya tattara geron ƙanenshi ya zuba mata a rumbu ba tare da ya auna ba. Mutum ne mai tsoron Allah da saurin hawaye.

Da ƙanen ya iso, Zaidu ya zo da safe ya tsaya bayan labule, ya yi sallama. Ina ciki.

“Balkisa, ya haƙuri?”

“Da godiya, Yaya.”

“Jibi in Allah ya so malam zai zo a raba. Na ce in tambaye ki, ko akwai abin da kike so ya faɗo cikin rabonki.”

Na taɓa ta da ƙafa. Sannan ta ce, “Yaya, in da hali, a bar mini wayar.”

“Waya? Ba tunkiya ba? Akwai mai ciki fa.”

“Wayar dai.”

Ya ce, “An gama. Ko ta fi rabonki, ni na cika daga nawa, ba mai tada zancen. Sai dai malam ya ce komai sai an san darajarshi kafin a raba. Ba ni in kai wa Dodo ya duba, da la’asar in maido miki.”

Magana ce ta hankali, ba abin musu ciki. Balkisa ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta jawo wayar, ta goge gilashin da bakin mayafi, ta ba ni na miƙa ta labule. Da ya tafi na ce, “To baiwata, kin samu. Sai ki ba ni tukwici.” Ranar ta ci tuwo har da ƙari, abin da ba ta yi ba tun rasuwar.

Bai zo da la’asar ba, sai da rana ta yi sanyi. Ya yi sallama muryarshi da fara’a, ya miƙo wayar ta labule. Da kyar na gane ta. An sa mata sabuwar riga koriya, gilashi na ƙyalli.

Ya ce, “Ga ta, taki ce halak malak. Na sa Dodo ya canza batir, wancan ya kumbura. To da ya buɗe, sai na ga ashe cike take da tarkace, kiɗe-kiɗe da wasannin yara. Ko wa ya zuba wa bawan Allah nan su, oho. Kin san abin da malamai ke faɗi, abin da mutum ya bari ana amfani da shi yana bin shi har kabari, in alheri alheri. Na ce ɗan uwana ba zai kwanta ana kiɗa da kayanshi ba. Na sa an share komai tas, an zuba karatu izu sittin, da wa’azi. Duk harafin da kinka saurara, ke da lada, shi da lada.” Ya ja hanci. “Abin da na iya yi mishi ke nan.”

Haka ake yi yanzu a garin nan, ba Zaidu ya fara ba. In mutum ya rasu, dangi su kai wayarshi a share waƙoƙi da hotuna a zuba karatu, Dodo ma ba ya karɓar ko dala a kai, ya ce nashi ladan yake nema. Mu biyu duk mun san da wannan sarai. Abin da ya sa bai zo muna a rai ba, tun da daɗewa mun daina lissafa lambun cikin kiɗa da wasa.

Balkisa ta ce, “Allah shi saka da alheri, Yaya. Allah shi kai ladan kabarinshi.”

Ya ce amin, ya ja takalmi, ya koma zaure wajen maza suna jiran magariba.

Ta karɓi wayar daga hannuna. Ta shafa hagu, ta shafa dama, ta sake komawa. Ba tsohuwa mai gajimare, ba mai jaki, ba ƙorama. Ta ajiye ta kan cinya.

Ni jinina ya hau. Na miƙe ina ɗaure zane, na ce wallahi yau sai Zaidu ya ji abin da ya yi, shi da Dodo mai hannun ƙaiƙayi, wa ya aike su? Ta cafke bakin zanena ta ce, “Zauna.”

“To a nemo mutumin Yamai ya sake sa shi! Ai bai mutu ba.”

“Ya sa wasa. Wa zai sa lambun?”

Na zauna.

Can ta ce, “Akwai wani ƙaramin dutse can sama, kusa da inda ruwa ke rabuwa. Ba juya shi ake ba. Cire shi ake gaba ɗaya, ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya shiga gari. Tun ranar da munka isa wurin na gani.”

Na ce, “Kin sani? Duk daminar nan kin sani? To don me kinka bar mutum yana ta juye-juye?”

“Shi ne na ƙarshe, Kulu. In ruwa ya shiga, sunaye su hau, ya ce sannunku da aiki, ya koma igiyarshi, ni in koma zogalena. Na ce bari mu ja shi har bayan kaka, in ya so sai in faɗi.” Ta juya wayar a hannu. “Kullum sai ya tambaye ni ko wane iri mutanen garin za su ba mu. Ya bar mishi wuri, layi guda, can gefen itacen. Da ya tafi kuma, na ce in na buɗe ruwan sunka ba ni irin, wa zai shuka?”

Ni na yi kuka, ban ɓoye ba, har da majina. Tausayinta ya kama ni, da nashi, da haushin da ba ni da wanda zan sauke wa. Ita idonta a bushe, tana dai riƙe da abin cikin koriyar rigarshi.

Sai ga muryar Zaidu daga zaure, yana ɗagawa don ta iso ɗaki: “Kulu! Ta yi kuwa? Kun iya kunnawa, ko in zo in nuna muku?”

Balkisa ta miƙo mini wayar ta ce, “Wanne ake taɓawa?”

Na share ido na nuna mata. Ta taɓa, karatu ya fara, can ƙasa-ƙasa.

Ta ce, “Ƙara murya, don Yaya ya ji daga zaure.”

Na ƙara.